Dare Na Sha Ɗaya a Rafindaɗi

Ƙarfe uku saura. Unguwa ta yi tsit,
sai injin gidan burodi, sai ke,
da bakinki mai laluben hanya a duhu
kamar baƙuwar da ta san akwai ƙofa nan kusa.

Tun ciki na wata bakwai na yi shiri.
Na ɗinka riguna biyu masu maɓalli a gaba,
na tara man kaɗanya a tsohon gwangwani,
na haddace hoton bangon ɗakin awo:
mace tana murmushi, jariri ya kama tsaf.
Ba wanda ya zana mini tsagewar fata,
ko yadda yatsun ƙafa ke naɗewa
duk sa'ad da kika cafka.

Ran farko ɗigo uku ne, rawaya, mai kauri.
Gwaggo Tabawa ta leƙa, ta taɓe baki:
"Dakashi ne. A tatse a zubar,
a lasa mata ruwan dabino kafin nono ya wanku."
Malama Saratu mai farar riga,
ba ta ko ɗago kai daga kati ba:
"Gwaggo, ko saniya ba ta hana maraƙinta wannan."
Ni ina tsakani kamar tabarmar masu gardama.
Da suka juya baya, na ba ki.

Kwana uku, ƙirjina ya koma duwatsun murhu,
zafi da tauri, zazzaɓi har cikin haƙori.
Kika yi kuka, na taya ki.
Gwaggo ta ce, "Wai wa ya haifi wa a ɗakin nan?"
Amma ita ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi,
ta yi ta gasawa, tana matsawa sannu
da hannun da ya saba da muciya,
har ya sako, ya jiƙa mata zane.
Ba ta tanka ba. Ta turo mini kunun kanwa da ƙafa.

Kullum da asuba tukunya na tafasa bayan ɗaki,
ganyen darbejiya na faɗi a gadon bayana.
Sagiru ya kawo ƙauri daga Ƙofar Marusa,
ya tsaya a zaure yana murza hula:
"Yaya jikin nasu?"
Nasu. Kamar mu taro ne.

Masu barka kowa da sikeli a ido.
"Tana ƙoshi kuwa?"
"Anya nonon nan bai tsinke ba?"
Wata ta raɗa mini sunan madarar kanti da kuɗinta.
Na ce to, na ce to,
na koma ina ƙirga tsummokaran da kika jiƙa.
Jiya shida.
Na shanya su a igiya, su ne shaiduna.

Ashe koyo ake yi, ni da ke duka.
Cikinki a jikin cikina,
in jira ki wage baki kamar mai hamma,
haɓarki ta nutse,
sannan in saki numfashin da na riƙe.
Ɗazu na ji shi karon farko,
ƙut, ƙut,
kamar ana cika ƙaramin tulu a nesa.
Na haggu har yanzu yana ciwo. Zai bari, in ji su.

Ke 'yar fari ce, da rana kunya ta hana ni ke.
A gaban mutane "yarinyar nan" nake cewa,
in miƙa ki ina duban bango.
Amma yanzu Gwaggo na minshari,
kin saki, ɗigo ɗaya ya maƙale a gefen leɓenki,
hannunki da ke dunƙule tun magariba ya buɗe.

Kafin ladan ya gyara murya,
bari in faɗa sau ɗaya, cikin gashin kanki:
Nusaiba.

Af, kin farka.
To, zo. Saura na haggun.